Kalar Gyaɗa Daga Birazil

Sai na hau tudun nan na bayan rijiyar Harbo
wayata take kama sabis,
sanda biyu, in an yi sa'a uku.
Nan nake tsugunawa bayan la'asar
in saurari ƙanena Tasi'u,
wanda ke yanka kaji da bisimilla a Birazil
tun asuba har wuƙa ta gaji.
Mu muna la'asar, su ko azahar ba su yi ba.

Ba ya kawo mini zancen kuɗi,
wannan na Baba ne, ranar Juma'a.
Ni ƙanana yake tsinto mini,
kamar mai kalar gyaɗa bayan an gama cira.

Ya ce, Yaya, ashe suna cin rogo!
Garinsa suke barbaɗawa kan wake da shinkafa.
Ran da na gan shi a kasuwa
tsayawa na yi ina dariya ni kaɗai,
har mai sayarwa ta yi mini gyara.

Ya ce akwai tsohuwa a ƙasan benensu,
harshenta ya kasa sunansa, Tasiyo take cewa.
Kullum ta ajiye masa kofi a bakin taga,
baƙi ƙirin, ɗan tsito, zaƙi har ka.
Ya koya mata "sannu",
yanzu har karenta take yi wa.

Ya ce direban bas ɗin ƙarfe biyar
yakan ɗan jira in bai gan shi ba.
Minti ɗaya ne fa, Yaya,
amma a garin da ba a san ubanka ba
minti ɗaya dangi ne.

Akwai wani tsuntsu, in ji shi, ja-ja haka,
mai gina ɗaki da laka a kan falwaya,
ƙofa ɗaya, baki a zagaye,
sak rumbun Inna kafin ya tsage.
Yakan gaishe shi da Hausa.

Kukar da na ƙulla masa a tsumma
da ƙaramin cokali yake aunawa.
Ran da ya jefa daddawa a tukunya
maƙwabta suka buɗe tagogi,
ɗaya ya ƙwanƙwasa ƙofa, hannu a hanci.
Bai tafi ba sai da ya suɗe kwano.

Muna shuka gero, shi yana rawar ɗari,
duniyarsu a kife take.
Na san akwai abin da yake tsallakewa:
nakan ji shi yana hura yatsunsa
tsakanin kalma da kalma.
Ba na tambaya.
Wanda ya kawo maka tsaba
ba ka ce ina ƙaiƙayin.

Jiya ya ce, Yaya, yau kar ki yi magana,
danna kawai, ki bar wayar ta ji gari.
Na danna.
Ta ji lugude daga gidan Barmani,
ta ji zabi suna gardama a gindin kargo,
guga ya bugi bangon rijiya,
amalanken Mudi na kuka kamar an ci bashinsa,
sai tarin ladan kafin ya ɗaga murya.
Akuyar Inna ma ta sa baki, ba a gayyace ta ba.

Da safe na tarar da amsa, daƙiƙa tara.
Babu magana a ciki.
Ruwa ne kan kwanon wani gari,
da cokali yana zaga ƙaramin kofi.

Na saurara sau huɗu, caji ya ƙare.
Na sauko, na miƙa wa Sagiru mai caji,
ya ce ɗari ce yanzu, fetur ya tashi.
Na biya, ban yi ciniki ba.