Littafin da Arzika Ya Bari

Arzika ya bar mini littafi mai bangon jar fatar akuya,
gefensa ya yi baƙi da zufar hannu.
Shafin farko mutum bakwai ne,
ƙarƙashin kowane suna akwai sunan karensa.

Sun haɗu ne shekarar da haukan kare ya shiga Dundaye,
aka riƙa jefa nama mai guba a bakin kwata.
Kwana uku amalanke na kwasar mushe,
na gida da na juji, ba mai tambaya.
Arzika ya ɓoye karyarsa cikin rumbu.
Kwana tara tana kwance kan damman gero,
ko tari ba ta yi ba.
Bar-su sunanta.
Duk karen da ke littafin nan, in ka bi shi baya,
wurinta za ka tsaya.

Irin namu ba ya cika ido:
ƙafa zaƙo-zaƙo, ƙugu na zanzaro,
haƙarƙari a fili kamar a ƙirga.
Baƙo ya gani ya ce yunwa ce.
Mu dai mu ce masa ya jira Asabar.

Asabar ɗin ƙarshen wata muke zama
gindin gawon da ke bayan Kara.
Naira ɗari biyu kuɗin taro, Gado ke karɓa,
shi ne kuma mai cire kaska da farcen babban yatsa.
Sau ɗaya a shekara Likita Haliru ya zo da kular allura,
karnuka su yi layi, masu su su fi su tsoro.

In an yanke shinkafa a fadamar Kwalkwalawa
sai mu sake su.
Da zomo ake bi. Yanzu gona ta cinye daji,
sai fatar zomo ɗaure bayan babur ɗin Ladan,
shi ma yana gudu yana waige yana salati.

An yi rigima, na rubuta ta.
Cindo ya kai karyarsa wurin wani ƙaton karen Turawa
mai gadin gidan mai.
Zama uku ana musu, har wani ya jefar da hula.
Daga ƙarshe aka ce 'ya'yan su shiga littafi,
amma daga baya, kuma da fensir.

Tumba matar marigayi Modi ba ta taɓa zuwa gindin gawo ba.
Jikanta ke kawo kuɗinta ƙulle a bakin tsumma,
shekara goma sha ɗaya ba fashi.
Bara karenta ya wuce na kowa da tsawon igiya biyu.
Muka aika mata da buhun dussa,
ta aiko mana da goro da cewa mu ƙara ƙoƙari.

Na san abin da ake faɗa.
Na ga wanda ke janye bakin rigarsa in na shiga sahu.
A gida kwanon kare yana can bayan ɗaki,
ni ke wanke shi, ni ke wanke hannuna har gwiwa.
Ban yi fushi da kowa ba.
Ba su taɓa kwana a dajin Gundumi ba
da abin da ke jin motsi kafin kai ka ji.

Ƙa'idar Arzika ce: in kare ya mutu a ja layi kan sunansa.
Shekaranjiya Sai-gobe ya kwanta ƙarƙashin dalbejiya
bai tashi cin tuwo ba.
Jika na takwas ga Bar-su, shafi na arba'in da ɗaya.
Na buɗe, na ɗauko biro, na aza kara don layin ya miƙe.

Ɗana ya leƙo ya ce, Baba, tawada ta ƙare ne?
Na ce masa e.