Fasinjana Na Farko

Kafin in ɗauki kowa, shi nake ɗauka:
Ukasha, shekara huɗu da 'yan watanni,
jakar ta fi bayansa faɗi,
takalmin dama a ƙafar hagu,
shi ya sa da kansa, kada wanda ya taɓa.

Daga Kurna muke gangarowa,
adaidaita tana tari irin na mai mura.
Ba ya biyan kuɗi, da karatu yake biya,
alif, ba, ta,
sai ya tsallake na huɗu,
harshen bai iya leƙowa tsakanin haƙora ba tukuna.

Ajin Malama Ramlatu yana bayan masallaci,
tabarma uku, randa ɗaya, yara ashirin da bakwai.
Ranar farko ɓamɓare shi aka yi daga wuyana,
kukansa ya raka ni har bakin titi,
na sha kwana ina goge ido,
na ce wa fasinja hayaƙi ne.
Yanzu kafin in taka birki ya miƙe.

Can ya koyi jira a layin buta,
da gutsura ƙosai ga wanda ya zo hannu biyu.
Da ƙwallon dabino suke ƙirga,
su ci, su ƙirga,
ɗaya suka binne a gwangwanin madara.
Kullum sai na sha labarin gwangwanin:
bai fito ba, amma Malama ta ce yana aiki a ƙasa,
Allah na ganinsa ko mu ba mu gani.

Ran Talata, a danjar titin Katsina,
wani mai Golf ya goge ni, madubi ya tarwatse.
Jini ya hau min ka,
ashar ta taso tun daga ciki, har ta iso leɓe,
sai na ji ɗan yatsa a kafaɗa.

"Baba, Malama ta ce mai fushi ya zauna."

"Ai a zaune nake!"

Ya yi shiru, yana lalube a kansa
kamar mai neman canji a aljihu.

"To ka kwanta."

A tsakiyar titi, ana ta danna mana oda.
Mai Golf ya kifa kai a sitiyari,
ni ma dariyar ta ƙwace min,
ashar ta koma inda ta fito.

Na san maganar nan tun ina ƙarami,
da bulala aka zuba min ita,
ta zauna a ka, ba ta taɓa sauka ƙirji ba,
sai da ta biyo ta bakin da bai gama haɗa haruffa ba.

A ƙofar aji na so in faɗa wa Malama wani abu.
Ina kwana kawai na iya,
na miƙa rabin kuɗin wata, na ce sauran Juma'a.

Da yamma ya hau, ya jefar da jaka:
"Baba, har yau dabinon bai fito ba."
Na hango shi ta madubin da na ɗaure da salatif,
fuska uku, duk tasa.
Na ce, ka dai ci gaba da ba shi ruwa.