Zoben da Na Lanƙwasa

Ni na lanƙwasa zoben farko.
Ragowar rodi ce daga ginin Alhaji Kadri;
na gasa ta, na naɗe ta a bakin tsohuwar garwa,
na liƙa ta jikin falwaya a bayan tasha.
Ya ɗan karkata gabas, kamar hular mai jin kuɗi.
Tanimun ne ya riƙe mini tsani,
shekara sha biyu, kansa na gaisawa da rufin rumfata.
Babu raga, sai uwarsa ta farke buhun albasa
ta ɗinka masa, ja, da sauran warin Galmi.

Bana suka ɗauke shi gasar ƙungiyoyin Afirka.
Ya bi motar asuba zuwa Yamai, gwiwa a haɓa,
daga can jirgi ya kai shi garuruwa masu teku.
Mu kuma a nan Tawa muka yi karo-karo, dala-dala,
muka biya wa talabijin ɗin Asumana mai shayi kuɗin wata.

Wasa na farko, benci.
Na biyu, benci.
Muka haddace ƙeyarsa da farin tawul a wuya.
In hoto ya gifta ta kansa, mu tashi da ihu,
kafin mu nuna da yatsa an wuce.
Muka koyi cewa jifar nesa uku ce,
kuma agogonsu baya-baya yake ƙirga,
yadda limaminmu ya ce kwanan mutum yake yi.

Na uku aka lallasa su.
Na huɗu suka rama da ƙyar.
Noma'u direba ya kurɓi shayi ya ce,
"Bizo, yaronka ya haye jirgi
don gadin gorar ruwa."
Ban tanka ba. Wanda ya saba da walda
ya san ƙarfe sai ya daɗe a wuta.

Daren wasa na shida bazara ta kai maƙura,
ko ganyen bedi ba ya motsi.
Dogon cikinsu ya cika laifinsa, aka fitar da shi.
Mai horarwa ya waiwaya,
ya bi benci da ido kamar mai zaɓen rago,
ya tsaya.
Tanimun ya yar da tawul.
Saura daƙiƙa arba'in da bakwai.

Sai aka ɗauke wuta.

Fanka ta yi juyi biyu ta mutu.
Na zabura ba takalmi,
na turo injin waldata a amalanke,
na ja igiya, ya yi tari,
na ja, ya yi tari,
da ya kama, hoton ya dawo:
ga su a jere suna musabaha.
Kakar ta ƙare.

Da hantsi muryarsa ta shigo waya.
"Baba Bizo, sau ɗaya ƙwallo ta zo hannuna.
Na jefa. Ta zaga zoben, ta leƙa ciki,
ta fasa.
Nasu a miƙe yake sak.
Ni hannuna har yanzu gabas yake nema."
Ya yi dariya. Na saurara sau tara
ina neman abin da ke bayan dariyar.

La'asar sakaliya na ɗauki guduma da ma'auni,
na hau tsanin nan, ba mai riƙe mini.
Shekara goma ƙarfen na kan ra'ayinsa;
sai da na haɗa da wuta ya yarda.

Yammacin nan ba yaron da ya ci ko ɗaya.
Suka zagi ƙwallo, suka zagi iska,
wata 'yar doguwa, Bibata, ta gano ni ne,
ta zo har rumfa, hannu a ƙugu:
"Wa ya ce ka taɓa mana?"

Na miƙa mata ruwa a moɗa.
Ta shanye, ba godiya,
ta koma ta tsaya inda yake tsayawa,
ta sake jefawa.