Rediyon Dalhatu

Daga ƙofar gidanmu a Gyallesu
taku arba'in da biyu ne zuwa kwata.
Sandata ta san murfinta mai rawa,
ta ce masa ƙwas, ya amsa kwaram.

Inna ta daina raka ni tun bara.
Tana dai laɓewa a soro, na sani,
don tarin da take dannewa
yakan biyo ni har bakin masallaci.

Ni a kunne na haddace garin nan.
Injin markaɗen Lantana a hagu,
ƙamshin ƙosai ya ce in karya dama,
sai rediyon Dalhatu mai shayi
da ke kwararo labaran duniya
kamar unguwar kurame ce.
Nan nake tsayawa. Nan keke ke tsayawa.

Ɗari biyu a aljihun dama, ninki biyu,
ɗari biyar a hagu, ninki huɗu.
Gadar Kubanni tana sauya wa taya murya,
ƙarƙashin Kwangila ihu yakan dawo wa mai shi,
daga nan sai motar Samaru.

Wata ta taɓa cusa min hamsin a tafi.
Na ce, Hajiya, lacca gare ni ƙarfe takwas.
Na ji awarwaronta ya yi tsit.

Ran Talata, bayan ruwan dare,
na wuce Lantana, na wuce ƙosai,
na miƙe ina jiran rediyo.
Taku sittin. Tamanin.
Sanda ta taɓa bangon da ba ta sani ba.
Babura na zagina ta kowane gefe,
gari ya suɓuce min kamar sabulu.

Wani yaro ya cafki bakin sandar.
Na ce, saki, ba a jan mutum ta ido.
Faɗa min kawai, ina teburin Dalhatu?
Ya ce, kin baro shi can baya.
Ya ce, ai jiya da la'asar aka kai shi.

Shekara uku.
Bai san sunana ba, ɗaliba yake ce min,
a sauka lafiya.
Ban taɓa gaya masa ba
cewa da shi nake gane inda nake.

Na juya ina ƙirgawa da baya.
Ran nan lacca ta yi ba ni.

Bayan sadakar bakwai
ƙanensa Namadi ya buɗe tebur.
An ce hannunsa da daɗin shayi,
sai dai mutum ne mai shiru.
Na ce, Namadi, rediyon yana nan?
Ya ce, yana nan, batir ne babu.
Na zaro mai ninki huɗu.

Yau tun daga wajen ƙosai na jiyo shi
yana shuuu tsakanin tasha da tasha.
Namadi bai iya kamo ta ba tukuna.
Ni dai ya ishe ni.