Lamba Uku

Mahaifina Clifford Ormerod,
lamba uku, mai tsaron bayan hagu.
In kun ce ba ku san shi ba, ba ku yi laifi ba,
jaridar garinmu ma sau biyu
ta rubuta sunansa da kuskure.

Shekara goma sha huɗu yana bin farin layi,
daga Barrow zuwa Workington,
daga can Darlington, inda ruwan sama
ba ya sallama kafin ya shiga wuyan riga.
Wasa ɗari huɗu da tara.
Ƙwallo uku ya jefa,
ɗaya a ragarsu,
ita ce kuwa mutane suka riƙe.

An taɓa sayar da shi
a kan kuɗin da bai kai na injin yankan ciyawa ba.
Da bakinsa yake ba da labarin,
yana dariya har haƙoran roba su motsa.
Na ainihin ya bar su cikin taɓo
wata Asabar, a gwiwar hannun wani ɗan gaba.

Duk watan Mayu ambulan ke zuwa.
Uwata Doreen ba ta buɗewa,
sai ta ɗaga shi a hasken taga, ta auna nauyinsa,
ta fara naɗe kofuna cikin tsohuwar jarida.
Gida bakwai muka yi haya.
Da bazara yakan hau tsani da bokitin fenti,
yana shafe katangar mutanen
da suka zage shi duk tsawon hunturu.

Sau ɗaya ƙuri'ar kofi ta kai su Landan.
Ina shekara bakwai, a kafaɗar kawuna Stanley,
mutum dubu arba'in, hayaƙin taba kamar gajimare.
Biyar aka zura musu, ba su rama ko ɗaya ba.
Amma a minti na ashirin
wani ɗan gefe da yara ke liƙa hotonsa a bango
ya taho a guje, ƙwallo manne da ƙafa,
sai Baba ya sulale a ƙasa
ya zare ta kamar gashi daga man shanu,
bai taɓa ko safar yaron ba.
Filin ya yi tsit, numfashi ɗaya.
Can wani tsoho daga ɓangarensu ya tafa.
Shi ke nan.
Ba hoto. Ba wanda ya rubuta.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Ya dafa, na gani da idona,
romon dai ban san wa ya sha ba.

Gwiwa ce ta yanke hukunci, ba koci ba.
Likita ya nuna masa hoton ƙashi,
ya ce wannan ƙofa ce da ta cinye ƙarfenta.
Aka ba shi agogon bango da musabaha.
Ya koma raba madara da asuba,
kwalba biyu a kowace ƙofa,
yana ɗingishi a titunan da ba fitila.

Yanzu yana gidan kula da tsofaffi,
ɗaki na goma sha ɗaya, taga na kallon teku.
Wani lokaci ya kira ni Doreen,
wani lokaci ya tambaye ni ko motar ƙungiya ta iso.
Ranar Lahadi na kai masa lemo.
Ɗaya ya gangaro daga tebur,
ya bi ƙasa yana neman ƙarƙashin gado.

Ƙafar hagu ta fito daga bargo
ta taka shi, cak.

Ya ɗaga kai yana duba
wa zai ba.