Mutumin da Ke Mutuwa Ran Alhamis

A Youngstown, bayan masana'antar ƙarfe,
inda hayaƙi ke rina wankin Mama tun bai bushe ba,
muna da akwati mai ƙafa huɗu,
gilashinsa bai fi faranti ba.
Sai ka kunna, ka je ka sha ruwa ka dawo
kafin ya ga damar buɗe ido.

Ƙarfe tara, daren Alhamis.
Babana Kazimir ya tuɓe takalmin aiki,
ya hau kujera gefen taga
yana murɗa eriya kamar kunnen yaro mara ji.
"Ya fito?" "Bai fito ba."
"Yanzu fa?" "Tsaya nan! Kar ka yi numfashi!"

Sai mai kwat ya ɓullo daga yayyafin gilashi,
sigari na ci tsakanin yatsunsa,
ya yi mana barka da dare kamar ya san sunan kowa.
Labarin makon jiya an binne shi, na yau daban:
awa guda, a haifi mutum, ya tafka kuskurensa, a ja labule,
a tsakiya wata mata ta tallata mana firji.

Emmett Dravo. Shi ne nawa.
Dogon hanci, kunne ɗaya ya fi ɗaya leƙowa.
Na ga an harbe shi a tashar jirgin ƙasa,
na ga an rataye shi kan laifin wani,
ran da ya sha guba sai da na jiƙa rigar Mama.
Bayan kwana bakwai ga shi alƙali,
da gashin bakin aro, yana buga guduma.
Kai tsaye ake yi, ba gyara.
Wani dare yana gawa a kan kafet
atishawa ta ƙwace masa.
Lorna Tibbett, mai kukan takaba a kansa,
ta cije leɓe, kafaɗunta na rawa.
Baba ya yi dariya har ya ƙware.

Ina shekara bakwai ƙugiyar injin ɗaga kaya ta tsinke.
Aka kawo mana hularsa da kwanon abincinsa,
rabin burodin bai ci ba.
Falo ya cika da baƙaƙen kaya.
Ban yi kuka ba. Suka ce yarinyar nan akwai taurin zuciya.
Ba su san lissafin da nake yi ba:
yau Litinin, saura kwana uku.

Alhamis na kunna akwatin da kaina.
Na duba bayan alƙali, na duba 'yan dako a tasha,
na duba duk wanda ya ba kyamara baya.
Ba mai riƙe eriya, hoton na ta birgima.
Haka na yi ta yi har sanyin shekarar ya fita.

Bara na aika wa gidan talabijin ɗin wasiƙa.
Wani yaro mai ladabi ya amsa:
yawanci ba a ɗauka ba, iska ta sha su,
sauran an goge, an ɗora wasan ƙwallo a kai.
Emmett kuwa layi huɗu jarida ta ba shi:
ya rasu a gidan tsofaffi, ya sayar da inshora,
ya taɓa fitowa a talabijin.
Ya taɓa!
Mutumin da ya mutu sau arba'in a falonmu.

Yanzu jikata ta sayo min allo faɗin bango,
tashoshi ɗari biyar, kunnawa ba jira.
Ni da shekara saba'in da huɗu,
har yau in Alhamis ta yi, tara saura kwata,
nakan ɗora shayi,
in jawo tsohuwar kujerar nan gefen taga,
in bar ta ba kowa,
ko wani zai hau, da safa mai huji,
ya waiwayo ya ce, "Ya fito?"