Kwat Mai Suna Uku

Daren Talata a Duluth, yara sun yi barci,
saura ni da teburin girki da kwali huɗu.
Na ɗaga wandon Anders saitin fitila,
gwiwar ta fara haske. Zai wuce kuwa?
Misis Halvorsen mai duba kaya a bakin ƙofa
ba a yi mata rufa-rufa;
bara ɗigon miyar tumatir ta tono a ƙarƙashin wuyan riga
ta miƙo mini abina ba ko murmushi.

Fil a baki, alƙalami a hannu.
Dala uku. Na soke. Biyu da rabi.
Yaro ba ya jiran albashi kafin ya yi tsawo:
takalmin da na saya da kaka,
ƙanƙarar tafki ba ta gama narkewa ba ya soma cizon yatsa.

An ce araha ba ta ado.
Wanda ya faɗa bai ga Signe ranar Ista ba
cikin rigar dala huɗu mai maɓallan ruwan zuma,
tana juyi a harabar coci, iska na taya ta.
Na saya huɗu, na sayar uku,
masu gwanjo suka cire nasu kason.
Yi lissafi da kanka, ni na yi nawa
a bayan takardar kuɗin wuta.

Ranar Alhamis an kwashe ƙanƙarar filin wasa,
an jera ƙarafa, an rataye ƙuruciyar gari guda.
Awa huɗu na yi ina jera kayan wasu kyauta
don a bar ni in shiga kafin tururuwa.
Ga mu nan, kowace da kwandon wanki ɗaure da igiya
tana ja a ƙasa kamar akuya mai gardama.
Ba mai kallon kowa. Hannu ne ke gani,
ya shafa ɗinki, ya ja zif, hanci ya shinshina.

A layin 'yan shekara biyar hannuna ya tsaya.
Shuɗin kwat, hammatar hagu da koren zare.
Na san zaren nan.
Daren da na yi ɗinkin shuɗi ya ƙare mini,
mota ba mai, dusar ƙanƙara har gwiwa,
Anders na tari a ɗaki.

Na juya wuyan.
Ga sunansa da rubutuna, an ja masa layi.
A ƙasa wata ta sa Eino, da jan biro,
shi ma an ja masa layi.
Sai Mateo, harafi manya-manya, ya karkace,
da gani yaron ne ya rubuta da kansa.

Hunturu uku ke nan ba na nan
kwat ɗin yana ta aikinsa.
Ban san uwar Eino ba,
ƙila mun taɓa gogayyar kwando a wannan layi.
Ta sake maɓallin sama, ta kuma iya:
ta fi ni hannu.

A aljihu akwai ɗan dutse mai santsi,
irin na bakin tafki, da jan zane a gefe.
Ba na ɗana ba ne.

Dala shida na saye shi, biyar na sayar,
yau an rubuta huɗu.
Ranar Asabar zai koma rabin kuɗi,
ni kuwa da nake jiran Asabar a kan ko safa
ban jira ba.

Da dare Signe ta zura hannu, ya haɗiye yatsunta.
Madalla, zai kai baɗi.
Ta sami dutsen, ta ce na waye?
Na ce na kwat ɗin ne, mayar masa.

Na ɗauko alƙalami na rubuta sunanta,
ƙanana-ƙanana, can gefe,
na bar fili a ƙasa.